Me ya sa ba za mu bar likita ya faɗi saƙon kawai ba?

Ɗana, jiya bayan mun gama ɗaukar wasan kwaikwayonmu na rediyo ka tambaye ni: tunda so muke mata su riƙa zuwa awon ciki, me ya hana mu sa likita ya faɗa ƙarara cikin minti biyu, sai mun ja labari wata shida?

Sanarwa tana da wurinta, amma magidancin da ya hana matarsa zuwa asibiti ya riga ya ji ta sau ɗari. Bai taɓa jin wani mai irin tsoronsa ba: kuɗin mota, kunyar likita namiji, da maganar tsohuwarsa cewa ita a ɗaki ta haifi tara.

Shi ya sa muke gina wasan kan mutum uku. Akwai na kirki, akwai mai taurin kai, sai na tsakiya mai wasiwasi, yau ya yarda gobe ya janye. Miguel Sabido, wani mai shirya wasannin talabijin, shi ne ya tsara wannan salo a Meziko a shekarun 1970, kuma da shi aka yi wasan rediyon Ruwan Dare da aka saurara a nan Sakkwato daga 2007 zuwa 2009. Na tsakiyan nan shi ne jarinmu. Kar ka shiryar da shi da wuri. Bari ya yi kuskure, ya ga maƙwabciyarsa ta kamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ya kwana bai runtsa ba.

Na taɓa zama teburin mai shayi a wani ƙauye wajen Boɗinga ana sauraron shirinmu, ba wanda ya san ni. Ana gamawa gardama ta kaure. Wani dattijo ya buga ƙasa da sanda yana cewa mutumin nan zai kashe yarinyar mutane, wani ya ce a yi masa uzuri, damina ce, ba kuɗi. Shayi ya huce suna yi. Ranar na san aikin ya shiga.

Kuma kar yawan kiran waya ya ruɗe ka. Galibi maza ne ke bugowa, su ke da waya da kati. Matan da muke yi dominsu suna saurare suna daka, sai mun tura mace ta shiga gida ta zauna da su. Ka lura da harshe ma: tsohuwar Gwadabawa "tahi" take cewa, in ka sa mata Kananci a baki an daina yarda da ita.

Rubutunka na kashi na bakwai na karanta. Mijin ya tuba tun shafi na biyu. Koma ka bar shi da taurin kansa, ka kawo mini ranar Asabar.