Ku tambaya mu amsa: ɗan silot ɗin nan, a riƙe shi ko a sake shi?

Salamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan satin kusan duk a kan 'yan silot suke, to bari na haɗa su wuri guda. Ga waɗanda basu daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, silot shi ne risiban (mai kama ƙwallon da aka jefo) da baya tsayawa can bakin layin gefe, gurbinsa yana tsakanin risiban gefe da ƙartin nan masu kare kwatabak, wato mai jefa ƙwallon. Galibi yana ɗan ja baya daga layin da ake ajiye ƙwallo, shi yasa zaka ga yana yawo hagu da dama kafin a tashi wasa, kuma difenda baya samun damar dafe masa ƙirji tun daga tashi.

Tambaya daga wani mai karatu a Abuja: Malam ina cikin lig ɗin fantasi (wasan da kowa ke zaɓar 'yan wasan gaske, ana bashi maki bisa abin da suka yi a fili) da abokan aikina. Ina da wani ɗan silot, duk sati sai ya kama ƙwallo sau bakwai ko takwas amma yadinsa (nisan da ya ci gaba da ƙwallon) baya wuce sittin. Wani abokina yace na bashi shi ya bani risiban gefe mai kama uku ko huɗu amma yana kai yadi tamanin. Na karɓa?

Ɗan'uwa ai baka faɗa min babban abin ba, yaya kuke lissafin maki a lig ɗinku? In PPR kuke yi, wato duk kamu ɗaya maki ɗaya, ga kuma maki ɗaya na kowane yadi goma, to naka da ya kama 7 ya yi yadi 60 ya baka maki 13 kenan, na abokinka da ya kama 4 ya yi yadi 80 ya bada 12. In kuwa yadi da tacdawun (kai ƙwallo bayan layin ci) kaɗai kuke ƙirgawa to lissafin ya juye, naka 6 nashi 8. Kaga tun daga nan amsar ta rabu gida biyu. A PPR ni bazan saki mai kama bakwai duk sati ba, saboda na gefen nan yau ya baka ashirin gobe ya baka uku ka kwana kana tsaki, shi ko ɗan silot ko ƙungiyarsa na shan kashi sai an jefa masa, hasali ma lokacin ne aka fi jefa masa.

Amma dan Allah kar yawan kamu ya ruɗe ka. Jarvis Landry a 2017 yana Miami ya kama 112, babu wanda ya kai shi a duk NFL (babbar gasar ƙwallon Amurka) shekarar, amma yadinsa 987 ne, ko dubu bai cika ba, kusan yadi 8.8 kowane kamu. Masu PPR sun ji daɗinsa sosai, ita ko Miami da kakar ta ƙare sai ta yi cinikinsa da Cleveland.

Abin da zaka duba kafin ka amsa ma abokin naka shi ne, yaron nan yana cikin fili ne kullum ko sai an fito da risiba uku? Ka zauna ka kalli wasansu ɗaya daga farko har ƙarshe, ba gutsattsarin bidiyon da ake yaɗawa ba. Duk sanda koci ya shigo da tayit-en biyu (ƙartin da ke tare difenda su kuma kama ƙwallo) to galibi risiba biyu ne kawai zasu rage a fili, ka lura waye ya ruga benci. In naka ne ke fita to duk sanda suka matso kusa da layin ci ko suna gaba suna son cinye lokaci da gudu, shi yana gefe yana shan ruwa, kuma wanda ke benci baya kawo maki. Sannan ka duba wa aka kawo masa a matsayin kishiya. Hunter Renfrow ya kama 103 ya yi yadi 1,038 a Raiders a 2021, aka bashi kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 32, sai ga babban risiba Davante Adams ya iso a 2022 ga sabon koci ga rauni, kamun ya zube ƙasa warwas, a Maris 2024 suka sallame shi. Yaron bai manta yadda ake kama ƙwallo ba, ƙwallon ce ta daina zuwa wajensa.

Wani abu kuma tunda kace da abokan aiki kuke yi, in akwai kuɗin da kowa ke zubawa wanda ya ci ya kwashe to wannan tambayar ta malamai ce ba tawa ba, ni dai na kyauta nake bada shawara a kai.

Tambaya daga Kumasi: Muna musu a majalisa. Ni nace Detroit asarar kuɗi suka yi da suka ba Amon-Ra St. Brown dala miliyan 120, tunda ɗan silot ne kuma ko ina ana samun irinsu. Kuma in ƙungiyata zata ɗauki ɗan silot a zagayen farko na diraf (zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara), daidai ne?

Yallaɓai rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma ka zalunci yaron.

Inda kake da gaskiya, duba inda aka samo manyan 'yan silot. Wes Welker babu wanda ya ɗauke shi a diraf ɗin 2004 gaba ɗaya, New England ta karɓo shi daga Miami a 2007 da zaɓin zagaye na biyu da na bakwai, sai gashi ya kama 112 a shekarar, 123 a 2009, 122 a 2011. Julian Edelman kwatabak ne ma a jami'ar Kent State, zagaye na bakwai aka ɗauke shi a 2009. Cooper Kupp zagaye na uku, Renfrow na biyar, shi kansa St. Brown na huɗu a 2021. Dalilin a fili yake, ɗan silot baya fuskantar gwanin konabak (difendan da ke gadin risiba) na abokan hamayya a mafi yawan lokaci, na uku ake turo masa ko sefti mai tsaron baya ko ma lainbaka mai tsaron tsakiya mai nauyin jiki, ga fili hagu ga fili dama duk inda ya ga dama ya karya. Na gefe kuwa layin fita na takure shi ta ɓangare ɗaya, gwanin difenda na manne da shi ta ɗayan, in har duk da haka yana kuɓucewa to dole a ƙara masa mai gadi na biyu, wannan ne ke buɗe ma sauran fili, kuma shi ake biya. Shi yasa Justin Jefferson ya samu miliyan 140 na shekara huɗu a 2024, Ja'Marr Chase ya samu 161 a 2025.

Inda ka zalunce shi kuma, St. Brown ba irin wanda ake cirewa bane in an koma risiba biyu. Yana fita gefe, yana tare difenda da ƙirji in ana gudu da ƙwallo kuma Detroit ƙungiya ce mai son gudu, a 2023 ya kama 119 ya yi yadi 1,515 da tacdawun 10 kafin a bashi kuɗin a Afrilu 2024. Haka Kupp a 2021, kamu 145, yadi 1,947, tacdawun 16, duka ukun shi ne kan gaba a NFL, raba ka gani, sama da yadi 13 kowane kamu, ka ajiye shi kusa da 8.8 ɗin Landry. Gurbi ɗaya suke tsayawa amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

In kana son sanin darajar ɗan silot na gaskiya ka jira yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, saura yadi shida, in ba a samu ba galibi sai a miƙa ƙwallo. Zai taho taku biyar ko shida idonsa na kan ƙugun mai gadinsa, in difendan ya tare ciki sai ya karya waje, in ya tare waje ya yanka ciki, in kuwa ya ga ba mutum ake bi ba yanki ake tsarewa sai kawai ya ci birki a tsakanin lainbaka biyu ya juyo ya nuna lambar rigarsa. Babu wanda ya faɗa masa wanne zai yi tun a da'irar da suke shawara kafin a tashi wasa, kuma dole kwatabak ya karanta abu ɗaya da shi a daƙiƙa ɗaya don ƙwallon na barin hannu tun kafin ya waiwayo, in ɗaya ya karanta daban sai a hannun abokan gaba. Kamar direba da kwandastansa ne da suka daɗe tare, buga ƙofa ɗaya ya isa. Edelman a Super Bowl (wasan ƙarshe na NFL) na Fabrairu 2019 ko tacdawun ɗaya bai ci ba, wasan ma 13 da 3 aka tashi, amma kamu 10 yadi 141 da ya yi ne ya hana New England tsayawa, shi aka ba gwarzon wasa.

To batun zagayen farko, in yaron ciki kaɗai ya iya a jira shi zuwa na uku ko na huɗu. In irin CeeDee Lamb ne da Dallas ta ɗauka na 17 a 2020, mai shiga ciki ya fita waje, ya kama 135 a 2023, to babu asara.

Tambaya daga wata uwa a Bronx: Ɗana yana buga silot a makarantar sakandare, gajere ne, ya dame ni sai na saya masa jesi. Ta wa zan saya, kuma waɗanda ake sayarwa da araha a intanet fa?

Hajiya Allah ya raya mana shi. Gajarta ba matsala bace a wannan gurbin, Welker ƙafa 5 da inci 9 ne. Kafin ki biya ki duba kwantiragin mai jesin, waɗanda suka sayi lamba 10 ta Kupp a Rams suna ji suna gani aka sallame shi a Maris 2025 ya koma Seattle. Lamba 14 ta St. Brown ko 88 ta Lamb sun fi kwanciyar hankali tunda duk a 2024 suka sa hannu na shekara huɗu, ko ki sayi ta wanda ya riga ya yi ritaya irin 11 ta Edelman, wannan babu inda zashi. Nike ke ɗinka na asali, hawa uku ne, Game da Limited da Elite, ta Game ita ce mai sauƙin kuɗi kuma ta ishi yaro, ki ƙara masa girma ɗaya don yanzu yake tashi. Masu arahar nan na intanet kuwa cinikin biri a sama ne, sai ta iso ki ga lambar a karkace ko wanki biyu ta fara ɓallewa, araha bata ado.

Amma in kuɗin na abu ɗaya ne ni da safar hannu mai kyau da robar kare haƙora zan fara, ki kuma tambayi kocinsu yaushe aka duba hular kwanonsa. Ɗan silot a tsakiyar fili yake kama ƙwallo inda ake haɗa masa duka ta gaba da baya, Welker ya sha buguwar kai fiye da sau ɗaya a Denver. In ya dawo yana cewa kansa na juyawa ko haske na damunsa kar ya koma fili sai likita ya gan shi, ko koci yace me.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Yamai: Tsohon risiba da aka mayar silot, na ɗauke shi a fantasi ko ya ƙare?

Ɗauke shi in yayi araha a zagayen baya. Larry Fitzgerald da koci Bruce Arians ya matso da shi ciki a Arizona, yana shekara 33 ya kama 107 a 2016, ya fi kowa a NFL. Gudu ne ke fara tafiya, hannu da sanin inda gurbi yake suna daɗewa. Sai dai ka tabbatar kwatabak ɗinsa mai jefa gajeru ne a tsakiya, in mai son harba ta sama can gefe ne ko mai rugawa da ita da kansa to bar ma wani.