Tafiye-tafiyen Ministoci da Kuɗin Ma'aikatu: Wa Ke da Ikon Tambaya?

Tambaya daga wani malamin makaranta a unguwar Sabon Gari, Damagaram:

"Assalamu alaikum. Duk lokacin da wani minista ya zo rangadi nan Damagaram mukan ga jerin motoci sun taso tun daga Yamai, a yi kwana biyu ko uku a koma, wani lokaci kuma mu ji a rediyo ya tafi taro ƙasar waje da tawaga. Ina so a yi mini bayani: wa ke biyan kuɗin waɗannan tafiye-tafiye, kuma majalisar dokoki tana da hurumin tambayar minista nawa ya kashe da abin da ya samo? In tana da shi, me ya sa ba mu cika jin an yi ba?"

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawan tafiye-tafiyen minista baitulmalin ƙasa ne ke ɗaukar nauyinsu, wato harajin da ake karɓa daga hannun jama'a, ko da yake akwai waɗanda ƙasar da ta yi gayyata take biya, akwai kuma waɗanda ake ɗora wa asusun wani aiki da masu ba da agaji suka zuba wa kuɗi. Majalisa kuwa, lokacin da take nan, tana da hurumin tambaya, domin tsarin mulkin Jamhuriya ta Bakwai, na ranar 25 ga Nuwamba 2010, ya ɗora mata ayyuka uku: yin doka, amincewa da haraji, da sa ido a kan aikin gwamnati. Sai dai an jingine wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, majalisar mai kujeru 171 ita ma ta rushe. Saboda haka zan fara da yadda abin yake a ƙa'ida lokacin da akwai zaɓaɓɓun wakilai, sannan in zo kan abin da ya rage a yau.

Idan ka buɗe kasafin kuɗin ƙasa ba za ka ga wani layi da aka rubuta "zuwan minista Damagaram" ba. Dokar da ke tsara yadda ake kasafi, wadda Nijar ta kafa a 2012 bisa ƙa'idojin da ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta shimfiɗa wa ƙasashenta a 2009, ta raba kuɗin kowace ma'aikata gida-gida: albashi, sayen kaya da ayyukan yau da kullum, tallafin da ake miƙa wa wasu hukumomi, da jarin manyan ayyuka. Kuɗin tafiya, da na mai, da na gyaran mota, da tikitin jirgi, duk suna kwance a gida na biyu, tare da kuɗin takarda da na wuta da na ruwa. Lokacin da majalisa ke nazarin kasafi a zamanta na ƙarshen shekara, kowane minista yakan bayyana gaban kwamiti ya kare abin da ya nema, kuma a nan ne ɗan majalisa mai lura zai iya cewa: bara an ba ka kaza don tafiye-tafiye, bana kana neman ninkinsa, mene ne dalili? Majalisa tana iya rage kuɗin, amma ba ta iya ƙara wata hidima sai ta nuna inda za a samo abin biya. Ko bayan an kaɗa ƙuri'a gwamnati tana da damar juya kuɗi daga wani layi zuwa wani, sai dai ƙa'idar UEMOA ta ce abin da za a juya a shirin aiki ɗaya na ma'aikata cikin shekara kada ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da majalisa ta amince da shi.

Ainihin wurin da ake gane gaskiyar tafiya kuwa ƴar takarda ce guda, wadda ma'aikata suka sani sarai: takardar izinin tafiya aiki, wadda ba a biyan kowa ko dala sai da ita. A gabanta ana rubuta sunan matafiyi da muƙaminsa, da inda za shi, da dalilin tafiyar, da ranar tashi da ranar dawowa, da lambar motar da sunan direba, da asusun da zai biya. A bayanta kuma hukumar garin da aka je, ofishin gwamna ko na prefe, takan buga hatimi ta sa ranar isowa da ranar tashi. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, don haka duk wanda ya san yawan motocin da suka taho da abin da kowace ke sha zai iya ƙiyasta man zuwa da dawowa ba tare da ya yi karatun lissafi mai zurfi ba. Abin da masu bincike ke nema a irin waɗannan takardu sananne ne a duk ƙasashen da ke bin wannan tsari: izinin kwana bakwai alhali hatimi ya nuna kwana uku aka yi, ko sunan mutum ɗaya a tafiya biyu rana ɗaya, ɗaya gabas ɗaya yamma, ko tafiyar da baitulmali ya biya sannan wani aikin agaji ya sake biya, ko tawagar da aka cusa wa sunayen mutanen da babu abin da ya haɗa su da aikin. Kafin kuɗin su fita akwai jami'in da ke duba cewa asusun yana da saura kuma takardu sun cika, akwai kuma akawun baitulmali wanda shi kaɗai ke biya, wanda in ya biya ba bisa ƙa'ida ba ana iya ɗora masa ramawa daga aljihunsa. An raba mai ba da umarnin biya da mai riƙe da kuɗi da gangan, don kada hannu ɗaya ya rubuta kuma ya ɗiba.

Ɗan majalisa ba ya zama a wannan ofis, don haka makaminsa na kusa shi ne tambaya. Tsarin 2010 ya ba shi tambaya a rubuce, da tambaya ta baki, da kiran minista ya zo zauren majalisa ya yi bayani, da kafa kwamitin bincike, da kuma ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnati baki ɗaya. A ganina rubutacciyar tambaya ta fi dukansu amfani a wannan fanni, ko da yake ita ce mafi ƙarancin farin jini, tun da ba a watsa ta kai tsaye a rediyo, ba kuma ta sa a tafa wa kowa. Wanda ya miƙe a zaure ya ce ministoci sun cika yawo da dukiyar talakawa, minista zai ba shi amsa da jawabin minti ashirin a kan muhimmancin hulɗa da ƙasashen waje, a tashi ba a ji adadi ko ɗaya ba. Wanda kuwa ya rubuta cewa yana so a ba shi jerin tafiye-tafiyen da ministan ya yi daga Janairu zuwa Yuni, da kwanakin kowace, da yawan ƴan rakiya, da kuɗin jirgi da na masauki, da asusun da ya biya, ya rufe ƙofar kewaye-kewaye, kuma amsar za ta zama shaida a rubuce wadda za a iya gwada ta da takardun baitulmali daga baya.

A Ingila irin waɗannan tambayoyi sun zama ruwan dare har ta kai ma'aikatu suna wallafa jerin tafiye-tafiyen ministocinsu zuwa waje duk bayan wata uku, da inda aka je da abin da aka kashe, ba sai an tambaya ba. Kwamitin majalisarsu mai binciken asusun gwamnati tun 1861 yake, kuma bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantarsa. A Kanada wata minista mai suna Bev Oda ta sauka daga muƙaminta a 2012 bayan da takardun tafiyarta zuwa Landan suka fito, aka ga ta ƙaurace wa masaukin da aka tanadar ta koma otal ɗin Savoy mai tsada, har da kofin lemo na dalar Kanada 16 a cikin lissafin. Kuɗin ba su kai su girgiza baitulmalin Kanada ba, amma da yake rasit ɗin yana hannun ƴan jarida da ƴan adawa, babu jawabin da ya iya rufe shi.

Akwai wata ƙofa da ta fi tambaya girma, wadda jama'a ba su cika sani ba, wato dokar rufe kasafi. Bayan shekara ta ƙare gwamnati takan dawo wa majalisa da lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a zahiri, tare da rahoton Kotun Binciken Asusun Ƙasa, wadda ke gwada littattafan ma'aikatu da na baitulmali ta faɗi ko sun dace. A ƙa'ida lissafin bara ya kamata ya iso kafin a fara muhawara a kan kasafin baɗi, domin a hukunta minista da abin da ya yi kafin a sake ba shi wani. Matsalar da ta daɗe tana damun ƙasashen yankinmu ita ce jinkiri. Idan lissafin ya zo bayan shekara uku ko huɗu, ministan ya bar kujerar, wani lokaci ma gwamnatin ta sauya, sai a amince da dokar cikin gaggawa kamar sallar gawar da ba a san mai ita ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta ƙarshe, Malam. Babban dalilin da ya sa ba a cika jin majalisa ta tuhumi minista ba, tun lokacin da take nan, shi ne rinjaye. Gwamnati daga cikin masu rinjaye take fitowa, kuma ɗan majalisar da ke fatan jam'iyya ta sake tsayar da shi ba zai so ya kunyata ministan jam'iyyarsa a bainar jama'a ba. Kwamitin bincike kuma ba ya kafuwa sai masu rinjayen sun yarda. Ga ƙarancin ƙwararrun da za su taya wakilai karanta kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka da Faransanci. Ga kuma abin da ba a so a faɗa, cewa su kansu ƴan majalisar suna da tasu tafiye-tafiyen da nasu kuɗin guzuri, wanda ke sa bakin wasu ya yi nauyi. Duk da haka majalisarmu ta taɓa nuna tana da haƙora. A 2006 ta amince a gurfanar da tsofaffin ministocin ilimi biyu a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare da aka fi sani da MEBA, sannan ranar 31 ga Mayu 2007, lokacin da Mahamane Ousmane ɗan nan Damagaram ke shugabantar majalisar, wakilai 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar da ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou, a kan wannan magana dai. Hakan bai yiwu ba sai da wasu daga ɓangaren masu rinjaye suka juya wa gwamnatinsu baya.

Ya kamata kuma a auna abin da ma'auninsa. Jerin motoci ido na ganinsu, shi ya sa suke ba da haushi, amma kuɗin tafiya ƙanana ne in aka gwada su da na kwangila. A 2014 gwamnati ta sayi jirgin shugaban ƙasa a kan kimanin miliyar 20 na sefa, ƴan adawa suka yi ta suka, jirgin kuma ya zo. A 2020 rahoton binciken sayayyar ma'aikatar tsaro ya yi maganar asarar da ta kai kimanin miliyar 76, kuma sufetocin soja ne suka tono shi, ba kwamitin majalisa ba. Maƙwabtanmu ma sun ga irin wannan: a Najeriya, bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan girman tawagar da ta je taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, shugaba Tinubu ne da kansa ya dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga Afrilu 2024. Matsin ya fito daga jaridu da jama'a ne, matakin kuma daga fadar shugaban ƙasa, majalisa tana gefe.

A yau kasafin Nijar da dokar shugaban ƙasa ake kafa shi, ba da ƙuri'ar zaɓaɓɓun wakilai ba. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya tanadi majalisar tuntuɓa wadda mambobinta naɗaɗɗu ne, aikinta ba da shawara, don haka ba ta da makamin yanke ƙauna irin na 2007. Sa ido ya koma hannun hukumomin da ke cikin gwamnati kanta: sufetocin kuɗi da na ƙasa, da hukumar COLDEFF da aka kafa a 2023 don yaƙi da laifuffukan tattalin arziki da na haraji. Wata doka ta Fabrairu 2024 kuma ta fitar da sayayyar da ta shafi tsaro daga ƙa'idojin kwangila na yau da kullum. Bambancin da ke tsakanin sufeto da ɗan majalisa shi ne, sufeto shugabansa yake kai wa rahoto, kuma shugaban ne ke yanke ko a bayyana ko a ajiye, alhali amsar da aka bai wa ɗan majalisa ta jama'a ce.

Abin da ɗan ƙasa irinka zai iya riƙewa shi ne dokar Fabrairu 2011 da ta ba kowa damar neman bayani da takardun hukuma, ban da waɗanda suka shafi sirrin tsaro da makamantansu. Ƙungiyar malamai ko ta farar hula ko gidan rediyo na iya rubuta wa ma'aikata takarda da irin tambayar da na kwatanta a sama, a kai ta ofis a karɓi shaidar an ajiye, a adana kofi. Dokar kasafi ta kowace shekara kuma ana buga ta a jaridar gwamnati, saboda haka wanda ya samu ta shekara biyu a jere zai iya duba gidan sayen kaya da ayyukan yau da kullum na ma'aikatar da ta dame shi, ya ga ko ya ƙaru ko ya ragu, sannan ya gwada shi da abin da aka ware wa manyan ayyukan ma'aikatar a shekarun nan biyu.