Na biya kuɗin shigar da ƙara, ashe ba lauya ba ne

Tambaya: Barista, wani mai aiki a ofishin lauya ya karɓi naira 150,000 ya shigar mini da ƙarar fili a Babbar Kotu. Alƙali ya kori ƙarar, wai wanda ya sa hannu ba lauya ba ne. Shin filina ya tafi ke nan?

Amsa: Kwantar da hankalinka, Malam. Ba a saurari shari'arka ba balle a ce ka faɗi, don haka kana iya sake shigar da ita. Amma ka hanzarta, domin ƙarar fili tana da wa'adi a doka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan ta "ai yaron lauya ne, ya fi maigidansa sanin kotu". Kullum sai na ji ta. Ko shekara talatin mutum ya yi yana ɗaukar fayil, in babu sunansa a rajistar lauyoyi ta Kotun Ƙoli, sa hannunsa a takardar ƙara banza ne. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don kawai an sa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauya ba. Ofishi guda bai tsira ba, ina ga magatakarda? Mataimakan lauya na gaskiya suna da amfani, dokar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta 2011 ma ta san da su. Aikinsu wayar da kai da raka mutum wurin lauya. Masu zaman gindin bishiya a bakin kotu da baƙar kwat, waɗannan 'yan damfara ne, kuma mu ne ke ciyar da su saboda neman araha.

Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya mayar da abin da ma'aikacin nan ya yi maka laifi, kuma zamba ce a ƙarƙashin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa. Kai ƙorafi wurin 'yan sanda da rasit, shaidar turin kuɗi da saƙonninku, sannan ka nemi kuɗinka ta kotu. Kwamitin ladabtar da lauyoyi ba shi da iko a kansa, tunda ba lauya ba ne. Amma in da sanin maigidansa ya yi, to shi maigidan za ka kai gaban kwamitin. Sabon lauyan kuma, ka nemi lambar rajistarsa, ka ga hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya (NBA) mai ɗauke da sunansa kafin ka ba da ko kwabo.