Amsa ga likitan da ke son ƙwarewa a likitancin nukiliya

Salam, Dakta. Ka ce ka gama aikin horo na shekara guda, ka gama bautar ƙasa, yanzu kana aiki a wani asibitin koyarwa, kuma kana tambayar ta ina ake fara neman gurbin ƙwarewa a likitancin nukiliya, musamman a Afirka ta Kudu. Sannan ka tambaya ko ya fi ka fara yin rediyoloji tukun.

Kafin maganar fom, ka tabbata fannin da kake nufi ke nan, don da yawa suna haɗa shi da gashin ciwon kansa, wato ciwon daji. Shi mai gashi yawanci daga waje yake harba haske ga ƙari. Likitan nukiliya kuwa sinadari mai fitar da haske yake sa wa majiyyaci a jijiya ko ya ba shi ya haɗiye, sannan na'urar ɗaukar hoto, kyamarar gama ko PET, ta nuna inda sinadarin ya taru: ƙashin da kansa ta yaɗu zuwa gare shi, ƙodar da ba ta tacewa, sashen zuciyar da jini ba ya isa. Da irin waɗannan sinadarai kuma yake magani, kamar aidin-131 ga wanda ƙullin wuyansa na tayirod ke aiki fiye da ƙima. Kwamitin tantancewa yana gane wanda bai san wannan bambanci ba tun a jimlar farko ta wasiƙarsa.

Abin da ya kamata ka fara nema ba jami'a ba ce, asibitin da za ka dawo wa ne. Dalili biyu. Na farko, baƙon likita a Afirka ta Kudu yawanci ba kujerar albashi ake ba shi ba. Kujerar ƙari ce, wadda a takardunsu ake rubuta supernumerary: za ka yi aiki daidai da sauran rajistarori, wato likitocin da ke horon ƙwarewa, tsawon shekara 4, amma ba sisi daga gwamnatinsu, kuma rajistar da hukumar likitocinsu, HPCSA, za ta yi maka ta karatu ce kawai, ba ta ba ka damar zama ka yi aiki bayan ka gama. Saboda haka babu sashen da zai duba takardunka da gaske sai ya ga wanda zai ɗauki nauyinka a rubuce, na kuɗin makaranta, haya, abinci da inshorar lafiya, har ƙarshen shekarun. Wasiƙar da ta ce “za mu tallafa masa gwargwadon hali” ba ta wucewa. A rubuta adadi, a rubuta tsawon lokaci, shugaban asibiti ya sa hannu, a haɗa da takardar hutun karatu mai albashi.

Dalili na biyu shi ne sana'ar ba a yin ta da hannu biyu da abin sauraren ƙirji. Yawancin hotunan da ake ɗauka da sinadarin teknishiyam-99m ake yi, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk awa 6. Ana tatso shi daga janareta, wato wani mazubi mai ɗauke da sinadarin molibdinam-99, shi kuma rabinsa na tafiya duk awa 66. Ma'ana janaretan da aka ɗauko ta jirgi, in ya kwana uku a filin jirgi ana jiran takardar kwastan, ya iso da ƙasa da rabin ƙarfinsa, kuɗin kuwa an riga an biya. Sinadarin PET da aka fi amfani da shi, FDG, rabinsa na tafiya duk minti 110, don haka sai da saikulotiron, na'urar da ke samar da sinadarin, a kusa. Ga lasisin NNRA, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta Najeriya, ga masanin fizis na asibiti, ga mai haɗa magungunan, ga mai sarrafa kyamara. Likitan da ya dawo da takardar ƙwarewa zuwa asibitin da ba ko ɗaya daga waɗannan, hannunsa zai mutu cikin shekara biyu. A asibitocin gwamnati na Najeriya, UCH Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja su ne tsofaffin cibiyoyin, kuma da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, aka kafa su. Ka nemi izini ka je ɗaya ka zauna mako huɗu zuwa shida kana kallon aiki. Wasiƙar shaida daga kwansaltan na fannin ta fi wasiƙu uku daga manyan da ba su taɓa shiga ɗakin haɗa sinadari ba.

Tallafin IAEA shi ne hanyar da likitocin Afirka da dama suka bi, amma mutane suna yi masa gurguwar fahimta. Ba gasa ba ce da kowa zai shiga da kansa. Tallafin yana rataye ne a jikin wani aikin haɗin gwiwa da ƙasa ta riga ta ƙulla da hukumar, kuma ana tsara ayyukan ne zango-zango na shekara 2. Ana cike fom a shafinsu na InTouch+, sai jami'in da ke kula da aikin a asibitinku ya amince, sannan ya bi ta ofishin tuntuɓa na ƙasa, wanda a Najeriya yake Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, NAEC, a Abuja. In asibitinku ba ya cikin kowane aiki, fom ɗinka ba shi da inda zai sauka. To ka tambayi hukumar asibitinku kai tsaye: muna cikin aikin likitancin nukiliya na wannan zangon ko a'a? In a'a ne, ka koma kan asibitin da kansa ko gwamnatin jiharku.

Sai takardu, kuma a nan jeri ya fi komai muhimmanci, don wasu suna da wa'adi. Fara da EPIC, tsarin hukumar ECFMG ta Amurka na tantance shaidar karatun likitoci, domin shi ne mai cin lokaci. Su ne za su aika wa makarantar da ka gama da hukumar likitocin Najeriya, MDCN, su tabbatar da takardunka, kuma jinkirin kusan kullum daga makarantar yake zuwa, saƙo ya kwanta a akwatin da ba mai buɗewa. Ka je ofishin da ƙafarka, ka san wanda ke amsawa. Ka duba sunanka harafi-harafi: in Muhammad ne a digiri, Mohammed a fasfo, ko sunan mahaifi ya koma gaba a wata takarda, yi rantsuwar kotu tun yanzu. A lokaci guda ka aika digirinka SAQA, hukumar auna shaidar karatu ta Afirka ta Kudu, ta auna shi, jami'o'insu suna nema. Sannan ka rubuta wa shugaban sashe. Pretoria da asibitin Steve Biko, Cape Town da Groote Schuur, Stellenbosch da Tygerberg, Wits a Johannesburg, duk suna horarwa. Kada ka aika wasiƙa ɗaya ga kowa da kowa. Da wasiƙar karɓa a hannu za ka nemi amincewar sashen kula da ma'aikatan lafiya baƙi na ma'aikatar lafiyarsu, da ita za ka je HPCSA, daga nan bizar karatu. Takardar shaidar kyakkyawan hali daga MDCN da ta 'yan sanda 'yan watanni kawai suke yi su tsufa, ka bar su sai ƙarshe. Mai gaggawar karɓo su da wuri sau biyu yake biya. Ka ba duk wannan shekara guda cif, ko fiye.

A wasiƙar neman gurbi, bar dogon yabon fannin. Faɗi asibitin da za ka koma, irin majiyyatan da kuke turawa nesa don hoton ƙashi ko maganin aidin, da wanda zai biya. In ka taɓa yin ɗan bincike, ko da bitar fayilolin masu kansar nono ne na shekara biyu, ka sa shi, domin ba a gama horon sai da digirin MMed mai ɗauke da bincike, bayan jarrabawar ƙwarewar fannin, FCNP, mai kashi biyu. Binciken nan ke riƙe mutane bayan tallafi ya ƙare, don izinin kwamitin ɗa'a kaɗai yana iya cin watanni. Zaɓi maudu'i a shekarar farko.

Kashi na farko na jarrabawar kimiyyar tushe ne, kuma fizis ne ke kayar da likitoci, tunda yawancinmu mun rabu da lissafi tun ajin farko na jami'a. Fara tun kana gida: lissafin raguwar ƙarfin sinadari, yadda kyamarar gama ke aiki, bambancin bekarel, ma'aunin ƙarfin sinadari, da siba, ma'aunin tasirin hasken a jiki, da ƙa'idar kariya. Ka san iyakar ma'aikaci milisiba 20 ce a shekara, a matsakaicin shekara 5. Ana yawan tambayar mai neman gurbi ko yana tsoron hasken, kuma amsar da ake so ita ce ta wanda ya san rage lokaci, ƙara tazara da amfani da garkuwar dalma.

Batun rediyoloji kuwa, ya danganta da inda kake hange. Na'urorin yanzu haɗe suke, PET da CT, SPECT (hoton kyamarar gama mai zagaya jiki) da CT, dole ka iya karanta CT, wanda hoton rediyoloji ne. In Amurka ko Birtaniya ce a ranka, yi rediyoloji: a Amurka mai takardar nukiliya kaɗai yana shan wuyar samun aiki, a Birtaniya kuma an riga an cusa jarrabawar rediyoloji ta FRCR cikin horon. In gida za ka dawo, ra'ayina shi ne rediyoloji garkuwa ce, ranar da janareta bai iso ba kana da aikin yi, amma farashinta ƙarin shekara biyar zuwa shida ne. Wanda asibitinsa ya riga ya sayi kyamara ko yake cikin aikin IAEA, ya tafi kai tsaye. Kuma ya nace a tura shi ɓangaren magani sosai, ba karatun hoto kaɗai ba, don nan fannin ya karkata: lutishiyam-177 ga kansar furostet da ta yaɗu, da aikin aktiniyam-225 da sashen Farfesa Mike Sathekge a Pretoria ya yi suna a kai. Ka kuma koyi galiyam-68 da kyau, shi daga janareta ake tatsarsa, ba ya buƙatar saikulotiron, kuma janaretan yana kai watanni yana aiki.

Ka faɗa mana ko asibitinku yana da kyamarar gama ko shirin sayenta, da kuma ko an riga an tabbatar da kai a aiki, don yawanci ba a ba da hutun karatu mai albashi kafin haka. Allah ya ba da sa'a.