Omon ruwa, na gari ko na ƙwaya: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi injin wanki, amma kayan yara har yanzu da hannu nake wankewa. A kanti na ga omon ruwa mai kauri, ga na gari da muka saba, ga na ƙwaya. Wanne ya fi, kuma na ruwan ya ci kuɗinsa? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A gidan da ke da yara, shawarata kada a rabu da na gari, sai a ajiye ƙaramar robar na ruwa a gefe, domin kowanne da irin dattin da yake fitarwa.

Omon gari yana ɗauke da soda mai kaifi, dangin kanwa, kuma da yawansu akwai bilic na iskar oksijin a ciki. Wannan bilic ɗin ba ya zama a omon ruwa, lalacewa yake yi tun a cikin roba. Shi ya sa safa, farin yadi da yunifom ɗin da ya sha jar ƙasa suka fi fita da na gari.  Illarsa kuwa, yana cin hannu, yana koɗar da atamfa a hankali, kuma in bai narke ba sai ya bar fari-fari a baƙin tufafi. Ki fara narkar da shi kafin ki tsoma kaya.

Na ruwa gwanin maiƙo ne: manja, miya, man shafawa a wuyan riga. Ki ɗiga kan tabon, ki bar shi minti 10, sannan ki wanke. Yana narkewa a ruwan sanyi, yana kuma lallaɓa kaya masu launi. Inda ake asara shi ne wajen zubawa da ka. An rage masa ruwa ne tun a masana'anta, murfinsa shi ne ma'auni, kuma yawan kumfa ba ya ƙara tsabta, a injin mai ƙofa ta gaba ma ɗauraya yake hanawa. Batun tsada, ki raba kuɗin robar da yawan wankin da aka rubuta a jikinta, ki yi wa ƙullin gari haka, sai ki gwada.

Na ƙwaya iri biyu ne: garin da aka danne, da ruwan da aka naɗe a ledar da ke narkewa, irin Tide Pods da ya fito a Amurka a 2012. Don inji aka yi su, ana sa su a ƙasan gangar injin kafin kaya. Mai ledar ba ya gutsuruwa in wankin kaɗan ne, da damina kuma danshi na manne su. Babbar damuwata ita ce kamarsa da alawa. Ki ɗora shi inda hannun yaro ba zai kai ba. In ya haɗiya, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti da kwalin. In a ido ya fashe, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta tukuna.