Daudu, Disko da Ajo: Amsar Tambayoyinku

*Malam, na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa disko kiɗan 'yan daudun Amurka ne. Haka ne? Kuma daga ina kalmar daudu ta samo asali? Daga wani ɗalibi a Zariya.*

Rabin maganarsa gaskiya ne, ɗaya rabin kuma ganganci. Bari in fara da na gaskiyar. Disko ta zo mana ta Turanci, su kuma sun gutsuro ta daga kalmar Faransanci mai nufin gidan rawa da ake sa faifai a maimakon makaɗa. Kiɗan ya yi ƙarfi ne a New York a shekarun 1970, a gidajen rawar baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da maza masu neman maza. A wancan zamani namiji ya rungumi namiji ya yi rawa a mashaya kan jawo samamen 'yan sanda, irin wanda ya haifar da tarzoma a mashayar Stonewall ta New York a watan Yunin 1969. To, ka ga filin rawa ya zama musu wurin da mutum zai saki jiki, ya ga irinsa, ya san ba shi kaɗai ba ne. Shi ya sa ba su ɗauki kiɗan abin nishaɗi kawai ba. Ko kiɗan da suke kira House sunan wani gidan rawa ne a Chicago, Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara juya faifai a 1977, kuma yawancin masu zuwa wurin baƙaƙen fata ne masu neman maza.

Gangancin shi ne kiran su 'yan daudu. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Daudu kalmar girmamawa ce da ake yi wa Galadima kirari da ita, kuma ana alaƙanta 'yan daudu da Ɗan Galadima, iskan nan na bori mai son ado da kyauta. Ɗan daudu a Hausa namiji ne mai ɗabi'ar mata: magana, tafiya, ɗaura zane, tafa hannu, girki. Kalmar tana bayanin hali da sana'a ne. Luwaɗi kuwa aron Larabci ce, daga sunan Annabi Luɗu, tana nufin aikin. Akwai ɗan daudu mai mata da 'ya'ya, akwai kuma mai neman maza wanda ko kusa ba za ka ga daudanci a jikinsa ba. Hukunci na malaman fiƙihu ne, amma haɗa kalmomin biyu a kwando ɗaya kuskuren harshe ne, ko wa ya yi shi.

Inda 'yan daudu suka yi kama da mutanen disko shi ne wajen kiɗa. Ina yaro, a bakin tashar garinmu akwai 'yan daudu masu tuya da sayar da kaji. Ranar da ɗayansu ya yi biki, sai a kifa ƙore a kan ruwa, mata na amada, mai kalangu na gefe, shi ko ya fito da mayafi a kafaɗa yana rangwaɗa, abokansa na yi masa liƙi suna guɗa: "Ke ƙawa, a yi a hankali!" Lura da "ke" ɗin nan. A kasuwa "kai" ne, a filin kiɗa "ke". Kuma duk wanda yake son jin habaici da karin magana da aka wasa, to a bakinsu zai ji. Na tsinci karin magana a wurinsu fiye da na wasu littattafai. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa daga 2000, sannan dokar tarayya ta 2014 mai ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi, irin wannan biki ya bar fili ya koma bayan ƙofa.

*Malam, ajo Hausa ce? Daga wata baiwar Allah a Kumasi.*

Aro ce daga Yarbanci, inda take nufin taruwa da adashi. A wurinmu taron kiɗa ne da mutum ke kira don a yi masa gudunmawar kuɗi, gobe shi ma ya rama. Ta zauna daram, a bar ta.

*Wanne ne daidai: "idan kiɗa ya canza" ko "ya sauya"? Daga Maraɗi.*

Sauya. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Canza baƙuwa ce daga Turanci. Ban hana ta zama a gidan canji ba, amma me take nema a cikin karin maganar da ta girme ta?

*Garaya da goge abu ɗaya ne?*

Haba! Garaya kaɗa tsirkiyarta ake yi, goge kuwa gogawa, sunansa ma ya faɗa maka.