Tambayi Likita: Ciwon ɓarin kai da ƙwayar sumatriptan

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan ciwon ɓarin kai, wanda ke sarar gefe ɗaya, ya zo da tashin zuciya ko amai, mai shi ya tsani haske da hayaniya, ya kwantar da mutum daga awa 4 har zuwa kwana 3. Maganin da kuka fi tambaya a kai shi ne sumatriptan.

Tambaya: Likita, an rubuta min sumatriptan. Kafin ciwon ya fara nakan ga wani ƙyalli kamar walƙiya a idona. A lokacin zan sha, ko sai kan ya fara sara? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Bari sai kan ya fara ciwo, sannan ka sha nan take, kada ka jira ya yi tsanani. Shan sa lokacin ƙyallin ba ya hana ciwon zuwa. Kuma ba rigakafi ba ne, ba a shan sa kullum.

Tambaya: Idan na sha ɗaya bai tafi ba, in ƙara? Daga wani tela a Maraɗi.

Amsa: Idan ya lafa sannan ya dawo, kana iya ƙara ɗaya bayan awa 2. Idan kuwa ko gezau bai yi ba, ta biyun ma ba za ta yi ba, ka sha farasitamol ka kwanta a ɗaki mai duhu. Ƙwayar tana zuwa da miligiram 50 ko 100. A Ingila iyakarta miligiram 300 a awa 24, a Amurka miligiram 200. Ni ƙwaya biyu nake tsayar da marasa lafiyata.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu ina shan sumatriptan, kuma Alhamdu lillahi yana min aiki. Mahaifiyata, mai shekara 62, tana da hawan jini, kwanan nan ta fara fama da ciwon kai. Na ba ta ɗaya daga cikin nawa, sai ta ce ƙirjinta ya ɗaure, har gumi ta yi. Yanzu ta warware. In ba ta rabi ne nan gaba? Daga wata baiwar Allah a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ko rabi, ko kwata, kada ki sake ba ta. Kuma ki kai Hajiya asibiti yau, kada ki bari sai gobe, ko da ta ce miki ta ji sauƙi. Na san tausayi ne ya sa ki, babu ɗiyar da za ta ga uwarta ta riƙe kai tana da magani a jaka ta yi shiru. Amma bari in yi miki bayanin abin da wannan ƙwaya ke yi.

Sumatriptan ba irin farasitamol ba ne. Lokacin ciwon ɓarin kai, jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙwaƙwalwa sukan buɗe, jijiyoyin ji kuma su riƙa fitar da sinadaran da ke hura wutar ciwon. Maganin yana tsuke waɗannan jijiyoyin jini, ya kuma tsayar da sinadaran. Matsalar ita ce ba a kai kaɗai yake tsukewa ba, yana taɓa jijiyoyin da ke shayar da zuciya ita kanta. Ga mace mai ƙuruciya da lafiyayyar zuciya irinki, wannan ba ya zama komai. Ga dattijuwar da hawan jini ya daɗe yana cin jijiyoyinta, hanyar da dama ta ƙuntata ce aka ƙara matsewa. Shi ya sa ba a ba wanda ya taɓa samun ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki ko da ta 'yan mintuna ce ta wuce, ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba, ko mai toshewar jijiyoyin ƙafa, ko mai ciwon hanta mai tsanani. Wanda ya haura shekara 65 ma ba a cika rubuta masa ba.

Gaskiya ne masu shan sa da dama kan ji nauyi a ƙirji ko maƙogwaro, ko ɗumi da tsikar jiki, ya wuce cikin ɗan lokaci. Amma ɗaurewar ƙirji da gumi a jikin mai shekara 62 da hawan jini, ba zan kira shi irin wannan mai wucewa ba sai na'ura ta nuna min zuciyar lafiya lau take. A auna jininta, a yi mata gwajin bugun zuciya, ki tafi da kwalin maganin ki faɗa musu ranar da ta sha da ƙarfe nawa. Kada ki ɓoye don tsoron faɗa.

Abu na biyu ma ya fi damuna. Wa ya ce ciwon ɓarin kai Hajiya take yi? Wannan ciwo yawanci tun ƙuruciya yake farawa. Sabon ciwon kai a jikin wanda ya wuce shekara 50 bincike yake buƙata. Mun saba cewa ciwon kai ai ciwon kai ne, abin da ya yi wa wance zai yi min, kishiya ta miƙa wa kishiya, maƙwabciya ta aiko yaro da ƙwaya biyu a ƙulle a leda. Wannan zumunci yana kai mutane kushewa. Likitan da ya rubuta miki maganin nan jininki ya auna, tarihinki ya tambaya, ke kaɗai ya rubuta wa.

Kowa ya riƙe wannan: ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, harɗewar harshe, suma ko jijjiga, ba na shan ƙwaya a gida ba ne. Asibiti, nan take. Ke kuma 'yar'uwa, na sake faɗa, yau za ki kai ta.

Tambaya: Da can sau biyu a wata yake zuwa min, yanzu kusan kullum ne. Ina shan sumatriptan, in ya ƙare in karɓi haɗi a kemis, wani lokaci da tramadol. An ce in je wanzami ya yi min tsaga a gefen goshi. Daga wani direba a Kano.

Amsa: Malam, haɗin me? Ƙwayoyi biyar a leda, babu kwali, babu suna, ka watsa a baki ka hau titi da fasinja! Wannan abu yana ƙona min rai. Idan a ciki akwai ergotamine, irin wanda ke cikin Cafergot, ka haɗa masu tsuke jijiya biyu ke nan, alhali dole a bar awa 24 tsakaninsu. Tramadol kuwa ba maganin wannan ciwo ba ne, kama jiki yake yi, haɗa shi da sumatriptan kuma na iya jawo rawar jiki da ruɗewa. Ina zargin maganin ne yanzu ke kawo maka ciwon: wanda ke shan sumatriptan kwana 10 ko fiye a wata, ko farasitamol da danginsa kwana 15, kansa kan koma ciwon kullum. Ka ga likita ya yaye ka a tsare, ya duba ko ka cancanci maganin rigakafi irin propranolol ko amitriptyline. Aska kuma ba ta isa inda ciwon yake, tabo za ta bar maka, wataƙila da ciwon hanta. Idan ka sha ƙwayar ka ji barci-barci, ajiye motar.

Tambaya: Ina da ciki wata huɗu, zan iya ci gaba da sha? Daga wata malama a Kumasi.

Amsa: Kada ki yanke wannan ke kaɗai, tafi da kwalin wajen awo. Farasitamol ake farawa da shi. Ciwon kai da kumburin fuska ko dishi-dishin gani bayan wata biyar kuwa, ki garzaya asibiti a auna jininki.

Tambaya: Ina ganin ƙyalli kafin ciwon, kuma ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Akwai matsala? Daga wata uwar gida a Sakkwato.

Amsa: Akwai, idan mai sinadarin estrogen ce, don haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki koma inda aka ba ki cikin makon nan, ki faɗa musu batun ƙyallin, su canja miki wata hanyar.